Mintuna 13 a gaɓar Galveston: tarihin jirgin yaƙin Hatteras

Da safiyar 12 ga Janairun 1863, jirgin yaƙin Amurka mai suna Brooklyn yana cikin neman wani abokin aikinsa da bai dawo ba tun daren jiya. Kimanin mil 20 daga tashar Galveston ta jihar Texas, matuƙansa suka hangi kawunan dogayen sandunan wani jirgi sun ɓullo daga cikin teku, tuta tana kaɗawa a kan ɗaya. Abin da ya rage a saman ruwa ke nan na Hatteras, jirgin da ya shafe wata 15 yana aiki a rundunar sojan ruwa, aka kuma nutsar da shi cikin mintuna 13.

Ba domin yaƙi aka ƙera shi ba. Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a watan Afrilun 1861, Shugaba Abraham Lincoln ya ba da umarnin datse dukkan tashoshin ruwa na jihohin Kudu da suka ɓalle, domin kada audugarsu ta fita zuwa Turai, kada kuma makamai su shigo. Sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi. Gaɓar da za a tsare ta kai mil 3,500, alhali jiragen yaƙin da ke bakin aiki a lokacin 42 ne kacal, da yawansu kuma suna can nesa a tekunan duniya. Saboda haka sakataren ma'aikatar sojan ruwa, Gideon Welles, ya shiga kasuwa. Aka riƙa sayen jiragen fito da na dakon kaya da na fasinja, ana ɗora musu igwa, ana canza musu suna. Ɗaya daga cikinsu shi ne St. Mary, sabon jirgi mai gangar jiki ta ƙarfe da kamfanin Harlan and Hollingsworth ya ƙera a Wilmington. Gwamnati ta saye shi a watan Satumba, a watan Oktoba ya fara aiki da sunan Hatteras ƙarƙashin Kwamanda George Emmons.

Tsawonsa ƙafa 210 ne, nauyinsa tan 1,126. Da tururi yake tafiya, manyan ƙafafu biyu masu filafilai suna juyawa a gefensa na dama da hagu suna tura ruwa. A nan rauninsa yake. Injin irin wannan jirgi yana zaune ne a saman layin ruwa, inda harsashi zai same shi kai tsaye, ƙarfen jikinsa kuwa siriri ne, an yi shi ne don ya tare igiyar ruwa, ba dalma ba. Waɗanda suka saye shi sun san da haka. Abin da ake buƙata a gurguje shi ne jirgin da zai iya cim ma kwale-kwalen 'yan fasa-ƙwauri, kuma ta wannan fuska ya biya kuɗinsa.

A ranar 16 ga Janairun 1862 ya kutsa Cedar Key a Florida, inda layin dogo ya ƙare a bakin teku. Mutanensa suka ƙone ƙananan jiragen da suka tarar ɗauke da auduga, suka banka wa matsayar jirage da taragun da ke kanta wuta, suka kama wasu daga cikin sojojin da ke gadi. Daga nan aka tura shi gaɓar Louisiana, inda ya yi ta kama jiragen da ke ƙoƙarin sulalewa da auduga da sukari. Mafi yawan kwanakin wannan aiki zaman jira ne: zafi, sauro, lodin kwal, da mutum guda a can sama yana duban sararin teku daga safe har yamma. Abin da ke ƙarfafa gwiwar matuƙa shi ne dokar ganima, wadda ta ba su kaso daga kuɗin duk jirgin da kotu ta tabbatar an kama shi bisa ƙa'ida.

A watan Nuwamba Homer Blake ya karɓi ragamar jirgin. Ranar 1 ga Janairun 1863 sojojin Kudu ƙarƙashin Janar John Magruder suka ƙwace Galveston, sai aka tura ayarin jirage su sake datse tashar, Hatteras na cikinsu. Abin da ba su sani ba shi ne Kyaftin Raphael Semmes yana tafe da Alabama, jirgin da aka ƙera wa Kudu a Birkenhead ta Ingila, wanda ya riga ya ƙone jiragen kasuwancin Arewa masu yawa. Semmes ya karanta a jaridun abokan gabansa cewa za a kai sojoji Texas, ya zo ne da niyyar afka wa jiragen da ke ɗauke da su. Bai same su ba, domin New Orleans suka nufa.

Da yammacin 11 ga Janairu aka hangi baƙon jirgi daga nesa, aka umarci Hatteras ya je ya bincika. Semmes ya yi ta janyewa sannu a hankali, yana barin mai bin sa ya matso kaɗan-kaɗan, har duhu ya shiga, sauran ayarin kuma suka ɓace a baya. Blake ba wawa ba ne. Jirgin da ya fi ka gudu amma ya bari kana cim masa, da walakin. Ya sa aka shirya igwa, ya ci gaba da matsawa, yana lissafin cewa ƙananan igwoginsa ba za su yi amfani ba sai a kurkusa. Da aka tambayi baƙon sunansa, sai ya amsa cewa shi jirgin Sarauniyar Ingila ne. Blake ya sauke kwale-kwale da mutum shida su je su tabbatar. Kafin su yi nisa, aka ɗaga murya daga ɗaya ɓangaren aka faɗi sunan Alabama, wuta ta biyo baya.

Blake ya yi ƙoƙarin manne wa abokin gaba domin mutanensa su tsallaka su yi gaba da gaba, amma Alabama ya fi shi sauri, ya ƙi ba shi wannan dama. Harsasai suka yaga ƙarfen jikin Hatteras a daidai layin ruwa, wuta ta kama a ciki, wani kuma ya fasa injin, tururi ya cika ɗakin. Blake ya sa aka cika ma'ajiyar albarushi da ruwa don kada ta fashe, sa'an nan ya miƙa wuya. Mutum biyu suka mutu, biyar suka ji rauni. Semmes ya kwashe sauran 118 kafin jirgin ya nutse, ya sauke su a Jamaika. Mutum shidan da ke cikin kwale-kwale ne kaɗai suka tsira zuwa wurin ayarinsu.

Kwamitin bincike ya wanke Blake, kuma da wuya a ga yadda zai yi akasin haka, tun da umarni aka ba shi ya bi, da jirgin da aka ba shi. Datse tashoshin kuwa bai tsaya ba. Kafin ƙarshen yaƙin a 1865 rundunar ta mallaki jirage fiye da 600. Shi ma Alabama ya gamu da nasa ajalin ranar 19 ga Yunin 1864 a gaɓar Cherbourg ta Faransa, a hannun Kearsarge, wanda shi tun asali jirgin yaƙi ne. A 1872 kotun sasantawa a Geneva ta umarci Birtaniya ta biya Amurka dala miliyan 15.5 kan ɓarnar da Alabama da ire-irensa suka yi.

Hatteras yana nan kwance a zurfin ƙafa 60, yashi ya binne yawancinsa. A 2012, bayan guguwar teku ta yaye wani sashe, masu bincike sun ɗauki taswirarsa da na'urar sauti, inda ragowar ƙafafun tuƙinsa suka fito sarai. Har yau mallakin rundunar sojan ruwan Amurka ne, doka ta hana taɓa shi, kuma ana ɗaukarsa a matsayin kabarin ma'aikatan ɗakin injin nan biyu, John Cleary da William Healy.