Gasar Ci Ta Amurka: Bajinta Ce Ko Haɗama?

Duk wanda ya bi ta Karewa a cikin Jimeta bayan magariba zai tarar da masu tsire sun hura wuta, mutane na tsayawa ana yanka musu, ana barbaɗa yaji, ana naɗewa a takarda. Akasarinsu ba sa ci a nan, sai sun isa gida, domin a ƙasar Adamawa, inda tarbiyyar Fulani ta pulaaku ta yi jijiya, cin abinci a bainar jama'a abin kunya ne ga mai mutunci. To, amma akwai wata ƙasa inda dubban mutane ke taruwa kowace shekara don kawai su kalli wanda ya fi kowa ci, har a ɗaura masa ɗamarar girmamawa.

Wannan gasa ana yin ta ne ran 4 ga watan Yuli, wato ranar bikin samun mulkin kan Amurka, a unguwar Coney Island da ke birnin New York. Abin da ake ci kuwa shi ne hot dog. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, babu ruwansa da kare: niƙaƙƙen naman shanu ne da ake ɗurawa ya yi tsawo kamar yatsa, a dafa shi, a sa a tsakiyar ɗan burodi. Kamfanin Nathan's Famous ne ke shirya gasar a ƙofar shagonsa na asali, wanda wani baƙo daga ƙasar Poland, Nathan Handwerker, ya buɗe a 1916.

An daɗe ana ba da labarin cewa a wannan shekarar aka soma gasar, wai wasu baƙi huɗu ne suka yi gardamar wanda ya fi kishin Amurka, suka raba gardamar da ci. Amma a 2010 wani mai tallata kamfanin, Mortimer Matz, ya amsa cewa shi da abokin aikinsa ne suka ƙaga labarin. Gasar da aka tabbatar an yi ba ta wuce ta farkon shekarun 1970 ba. Ashe dai tun asali dabarar ciniki ce aka sa mata rigar kishin ƙasa.

Abin ya bunƙasa a 2001, sa'ad da wani siririn saurayi daga Japan, Takeru Kobayashi, ya cinye guda 50 cikin minti 12, wato kusan ninki biyu na abin da wani ya taɓa ci. Dabararsa ita ce ya raba nama da burodi, ya karya naman biyu, ya tsoma burodin a ruwa don ya wuce maƙogwaro ba tauna. Ya riƙe kambin shekara shida a jere, har Joey Chestnut, ɗan Amurka, ya kayar da shi a 2007 da guda 66. Daga 2008 aka rage lokacin zuwa minti 10, duk da haka a 2021 Chestnut ya ci 76. A 2025 ya yi nasararsa ta 17. Mata ma an ware musu tasu tun 2011, inda Miki Sudo ta ci 51 a 2024. Wanda ya zo na ɗaya yana samun dala 10,000, wanda kuwa ya yi amai an fitar da shi.

Sai dai masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A 2007 likitoci a Jami'ar Pennsylvania sun ɗauki hoton cikin wani gwanin ci yana tsakiyar ci, suka ga tumbinsa ya buɗe ya zama kamar ƙatuwar jaka mai laushi, suka kuma yi gargaɗin cewa irin wannan tumbi yana iya kasa komawa yadda yake. Shi kansa Kobayashi, da yake bayyana niyyarsa ta barin sana'ar a 2024, ya ce ya daina jin yunwa. Bugu da ƙari, an sha samun 'yan koyo da abinci ya shaƙe su suka mutu a ƙananan gasanni. A wajen babbar gasar akwai ma'aikatan lafiya a tsaye; yaron da ya gani a waya ya ce zai gwada da abokansa a ƙofar gida ba shi da kowa.

A nan ne ya kamata iyaye su buɗe ido, domin hotunan gasar suna yawo a wayoyin yara a ko'ina, Jimeta da Yola ba su tsira ba. Yaro yana ganin tafi da ɗamara, ba ya ganin abin da ke biyo baya.

Mutanen wannan yanki kuwa suna da tasu bajintar game da abinci. A ƙarshen 2014, bayan da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, dubban 'yan gudun hijira sun kwararo Yola da Jimeta, kuma mafi yawansu a gidajen jama'a suka sauka. Magidanta da dama sun raba tukunyar da ba ta ishe su ba da baƙin da ba su taɓa gani ba. Haka nan ran Babbar Sallah, ba a tambayar wa ya fi cin naman layya, ana duba gidan da ya fi aikawa maƙwabta ne.

Ko shi kamfanin Nathan's ya san da wannan, shi ya sa yakan ba da kyautar hot dog 100,000 ga masu ciyar da mabukata a New York. Amma a can sunan mai ci ake shelantawa. A Adamawa kuwa har gobe mai ciyarwa ake tunawa.