Yaron Da Ake Kira Kangararre, Wataƙila Makoki Yake Yi

Idan aka yi rasuwa a gida, kowa ana yi masa gaisuwa ban da yaro. Maza na kan tabarma a ƙofar gida, mata sun kewaye mai takaba, shi kuwa ɗan shekara takwas an kora shi gidan maƙwabta don kada ya ga fitar gawa. In ya tambaya, a ce masa, "Baba ya yi tafiya." Bayan sadakar bakwai a mayar da shi makaranta, a ɗauka ya manta.

Bai manta ba, bakin faɗa ne ba shi da shi. Babba zai ce zuciyarsa ta yi nauyi, yaro kuwa sai jikinsa da halinsa su faɗa. Ciwon ciki kullum da safe idan lokacin makaranta ya yi, amma ranar Asabar garau. Fitsarin kwance ya dawo bayan an daɗe da dainawa. Ga firgita cikin barci, ga manne wa uwa ko bayan gida za ta. Wani kuma faɗa ne, ya fasa wa ɗan ajinsu baki a kan fensir. Mu kuma maganinmu ɗaya ne, bulala. In ta gaza, a ce shafar aljanu ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da ƙuncin zuciya na kan gaba. Mu a Arewa muna da ƙarin dalili. Ɗaliban da aka sace a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, an yi murnar dawowarsu, amma fitowa daga daji daban, fitar dajin daga zuciyar yaro daban. Haka ƙannensu da ba a sace ba, suka dai ji harbi.

To, me ake yi wa yaro idan an kai shi wurin masanin halayyar ɗan Adam? Yawanci ba allura ba ƙwaya. Ƙaramin yaro takarda da fensir mai launi ake ba shi, ko 'yar tsana, a ce ya zana gidansu. Sai ka ga ya zana kowa, ya ajiye kansa can a gefe shi kaɗai. Daga nan hira take farawa. Wanda ya ɗan tasa kuma ana koya masa gane tunanin da ke razana shi, kamar "idan na tafi makaranta Mama ma za ta mutu", a auna shi tare a ga ko gaskiya ne. A koya masa jan numfashi a hankali idan gabansa ya fara faɗuwa. Mai gudun makaranta ba a jefa shi aji da ƙarfi: yau a tsaya a bakin ƙofa, gobe ya yi darasi ɗaya, har tsoron ya sake shi. Mai saurin fushi kuwa ana nuna masa yadda zai gane alamar tun kafin ya kai hannu. Zama ne na mako-mako, na 'yan watanni, kuma rabin aikin na iyaye ne, don su ma ana zama da su. Duk wannan bai hana addu'a ba, kamar yadda maganin zazzaɓi bai hana ta ba.

Abubuwa biyu dai a kiyaye. Kada a sayo wa yaro maganin barci a kemis don ya daina firgita. Kada kuma a kai shi inda za a ɗaure shi. Ba mu manta da gidan marin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Batun "ya yi tafiya" ma a daina. Yaron da aka faɗa wa haka jira yake yi, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da manya. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a bar shi ya yi kuka, a tabbatar masa ba laifinsa ba ne, don yara da yawa na ɗauka rashin jinsu ne ya jawo.

Baƙin ciki na 'yan makonni ba ciwo ba ne. Amma idan an shafe watanni abu sai gaba yake, ci da barci da karatu sun lalace, a nemi likita. Idan yaro ya fara cewa gara ya mutu ya bi mamacin, wannan ba na jira ba ne, a ranar za a tafi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa na da sashen. Wanda ke nesa ya fara da asibitin da ke kusa, ya nemi takardar turawa. Malamai kuma, don Allah kafin ku ɗaga bulala, ku tambayi abin da ya faru a gida.