Akwatin imel ya cika: me ke cinye wurin, kuma ta ina za a fara shara?

Ɗalibin da ke jiran amsar tallafin karatu, ko mai neman aiki da ya aika takardunsa zuwa Yamai, yana iya rasa amsar da yake dako ba tare da ya sani ba. Idan akwatin Gmail ya cika, sabon saƙo ba ya shiga, sai ya koma wa wanda ya aiko shi. Shi ma mai akwatin ba ya iya aika komai.

Kamfanin Google yana bai wa kowa jiga 15 kyauta, amma Gmail da Google Drive da Google Photos ne ke rabon wannan wuri. Tun ranar 1 ga watan Yunin 2021 ake ƙidaya sababbin hotuna a ciki, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafin. Ke nan bidiyon biki da saƙonnin murya na iya toshe akwatin wanda bai cika samun wasiƙu ba.

Don haka da masu nauyi ake fara shara, domin bidiyo guda na iya fin wasiƙu ɗari cin wuri. Idan aka rubuta larger:10M a gurbin bincike, saƙonnin da suka wuce mega 10 za su fito. Older_than:2y kuma yana fito da waɗanda suka shekara biyu. Kafin a goge, a sauke takardu masu muhimmanci, kamar kwafin diploma ko takardar haihuwa, a adana su a kwamfuta. A cikin WhatsApp kuma, ana iya cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa.

Goge saƙo kaɗai bai isa ba. Yana zama cikin kwandon shara, wato « Corbeille » a wayoyin da ke Faransanci, har kwana 30, yana ci gaba da cin wuri sai an zubar da kwandon. Danna « Archiver » kuwa ɓoye saƙo kawai yake yi.

Saura tallace-tallace. Na kamfanin da aka sani, a danna « Se désabonner » don su daina zuwa. Wanda ba a san mai shi ba, musamman mai alƙawarin kuɗi ko biza, a tura shi « Spam », kada a taɓa mahaɗin da ke ciki.