Feroftosis: Hanyar Kashe Ƙwayoyin Cutar Daji Masu Bijire wa Magani

Babban abin da ke karya gwiwar likitocin cutar daji shi ne dawowarta bayan an sha wahalar magani. Yawancin magungunan da ake ɗura wa majiyyaci suna aiki ne ta hanyar tilasta wa ƙwayar halitta ta kashe kanta bisa wani tsari da masana suka raɗa wa suna afoftosis a shekarar 1972. Sai dai ƙwayoyin daji kan toshe wannan hanya. A kusan rabin cututtukan daji, ƙwayar gado mai suna p53, wadda ke ba da umarnin mutuwar, ta riga ta lalace.

A shekarar 2003, Brent Stockwell da abokan aikinsa a Amurka suka gano wani ƙaramin sinadari, erastin, wanda ke kashe irin waɗannan ƙwayoyi ba tare da bin tsohuwar hanyar ba. A 2012, a Jami'ar Kolumbiya, suka sanya wa wannan mutuwa suna feroftosis, saboda rawar da sinadarin ƙarfe ke takawa a cikinta.

Kowace ƙwaya tana lulluɓe da fata mai maiƙo, kuma ƙarfen da ke cikinta tare da iskar oksijin suna iya lalata maiƙon kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Wani furotin mai suna GPX4 ne ke kare ta. Erastin na hana ƙwayar samun abin da GPX4 ke buƙata, shi kuwa sinadarin RSL3 kai tsaye yake daƙile shi. Da zarar kariyar ta faɗi, sai fatar ta yage, ƙwayar ta mutu.

A 2017, bincike biyu a mujallar Nature suka nuna cewa ƙwayoyin da suka tsira daga magani sun fi dogara da GPX4, wato a nan lagonsu yake.

Duk da haka, akwai sauran rina a kaba. Lafiyayyun gaɓoɓi ma suna buƙatar GPX4: ɓerayen da aka cire musu shi sun gamu da mutuwar ƙoda. Maganin zazzaɓin cizon sauro, artesunate, ya haddasa feroftosis a ƙwayoyin daji a ɗakin gwaji, amma wannan bai mayar da shi maganin daji ba. Majiyyacin da ya bar maganin asibiti ya koma kansa yana jefa rayuwarsa cikin haɗari.