Ƙungiyoyin Malaman Gana: Daga Yanke Albashi Zuwa Rikicin Bawku

Duk ɗan kasuwar da yake da yara a makarantar gwamnati ya san ranar da aka ce malamai sun shiga yajin aiki, domin yaran kan dawo su cika masa rumfa tun da hantsi. Sai dai ba kowa ya san tarihin ƙungiyoyin da ke kiran yajin ba.

A shekarar 1931, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, gwamnatin mulkin mallaka ta yanke albashin malaman makarantun mishan. Wannan ne ya sa suka haɗa kai suka kafa ƙungiyarsu, wadda bayan sauye-sauye ta zama GNAT a 1962, zamanin Kwame Nkrumah. A ƙarshen shekarun 1990 malamai masu digiri suka ɓalle suka kafa NAGRAT, daga baya kuma CCT ta fito.

Ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi ya bayyana a watan Yulin 2022, yayin da darajar sidi ta faɗi, kaya suka yi tsada. Malaman suka ajiye alli suna neman ƙarin kashi 20 cikin ɗari na alawus ɗin tsadar rayuwa. Cikin mako biyu gwamnati ta amince da kashi 15, ba ga malamai kaɗai ba, har da sauran ma'aikatanta.

To amma a nan arewa, babbar matsalar ita ce zaman malamin. Sau da yawa akan turo matashi ƙauyukan Salaga ko na Yendi, ya tarar babu gidan kwana, babu ruwa, hanya kuma ba ta biyuwa da damina. Kafin a ankara ya nemi canji zuwa Tamale ko Kumasi. Shi ya sa ƙungiyoyin suka daɗe suna neman alawus na musamman ga malaman karkara.

A Bawku kuwa, rikicin sarauta da ya sake tashi a ƙarshen 2021 ya jawo dokar hana fita, malamai da dama suka bar garin don tsira da rayukansu, duk da cewa kwalejin horar da malamai ta Gbewaa tana nan kusa a Fusiga. Ajin da babu malami da rumfar da babu ciniki, asara ɗaya ce ga mai gida.

Saboda haka bai kamata 'yan kasuwa su zuba ido ba. Mu riƙa halartar taron iyaye da malamai, mu tambayi shugabannin GNAT na gundumarmu adadin malaman da suka tafi da waɗanda aka kawo, sannan mu sauƙaƙa wa baƙon malami kuɗin hayar ɗaki. Salaga da ta yi suna da malamai irin su Alhaji Umaru na Karachi ba ta cancanci 'ya'yanta su rasa mai koya musu ba. Allah Ya zaunar da mu lafiya.