Farfaɗo da Tsohon Keken Kuruza a Matsayin Aikin Fari ga Mai Koyo

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana ya dace da wata al'ada da ta yaɗu a ƙasar Amurka, watau ta nemo tsohon keke irin wanda ake kira kuruza, wanda ya daɗe a jingine har tsatsa ta ci shi, a kwance shi, a wanke, a sake harhaɗawa har ya koma kan hanya. Da irin wannan aiki mutane da dama suke fara koyon gyaran keke. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin wannan keke, da dalilin da ya sa ya dace da ɗan koyo, da matakan aikin, sa'an nan da babbar shawarar da ke gaban mai gyara: ya mayar da keken kamanninsa na asali, ko kuwa ya sauya shi yadda ransa yake so.

Asalin Kuruza

Kuruza keke ne mai nauyi, mai tanƙwararren ƙashi na ƙarfe, da faffaɗan sirdi, da kai wanda ya lanƙwaso wajen mahayi, ta yadda zai zauna a miƙe ba tare da ya sunkuya ba. Tushensa yana ga kamfanin Schwinn na birnin Cikago, wanda Ignaz Schwinn, mutumin Jamus, ya kafa tare da abokin kasuwancinsa a 1895. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 cinikin keke ya faɗi ƙwarai. Saboda haka a 1933 ɗansa, Frank W. Schwinn, ya fito da wani keke na yara mai siffar babur amma ba shi da inji, aka sa masa tayoyi masu kauri, inci 26 a girma da inci 2.125 a faɗi, waɗanda ke da tub a ciki. Kafin wannan lokaci tayoyin da aka saba da su a Amurka sirara ne, kuma suna da wuyar faci. Keken ya karɓu, wasu kamfanoni suka kwaikwaya, har a 1949 aka fito da Black Phantom, mai fitila da tankin ado.

Daga shekarun 1960 kekuna marasa nauyi masu giya suka ture kuruza gefe. Sai a shekarun 1970 matasan Kalifoniya suka riƙa sayen tsofaffinsa da araha suna yawo da su a bakin teku, daga nan ne kuwa sunansa ya daɗa bazuwa.

Dalilin Dacewarsa da Ɗan Koyo

Abu na farko shi ne sauƙin ƙira. Galibi giyarsa ɗaya ce, kuma birkinsa a cikin cibiyar wilin baya yake, mahayi ya taka feda baya sai keke ya tsaya. Ke nan babu wayoyin birki ko na giya da za su rikita mai koyo. Abu na biyu, ƙarfensa yana da kauri, yana jure kuskuren hannun da bai goge ba. Na uku, kayan aikin da ake bukata ba su wuce sifana da filaya da sukundireba da giris da kananzir da famfo ba.

Matakan Aikin

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, wajibi ne a bincika ƙashin keken. A duba mahaɗai ko akwai tsagewa, a kuma duba ko tsatsa ta huda ƙarfen. Don gane ko ya karkace, akan ɗaura zare daga mazaunin wilin baya na dama, a zagayo da shi ta wuyan keke zuwa na hagu, sa'an nan a auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In tazarar ta sha bamban, ƙashin ya karkace. Keken da ƙashinsa ya tsage bai dace da aikin fari ba, domin ran mahayi ne a kansa.

Bayan haka sai kwancewa. Yana da kyau a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, a kuma zuba ƙananan kaya cikin gwangwanaye daban-daban. A nan ne ɗan koyo yakan yi kuskurensa na farko, domin fedar hagu juyin hagu gare ta, watau akasin sauran notina. Haka ma notin da ke riƙe da ƙarfen feda ta gefen hagu a irin waɗannan kekuna. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi, har ya cinye zaren. Bututun sirdi da ya kafe kuwa, mai da haƙuri yake so: a ɗiga masa mai a bar shi ya kwana.

Na biye shi ne wanki. Boris da sarƙa akan jiƙa su cikin kananzir a goge, a jefar da duk boris ɗin da ya lotsa. Tsatsar da ba ta yi zurfi ba tana fita da ruwan lemon tsami ko da takardar alminiyam da aka jiƙa. Cibiyar wilin baya ita ce mafi wuya, saboda a cikinta birki yake. A jera kayanta bisa tsarin da suka fito, a shafa sabon giris, a mayar. Wajen harhaɗawa a tabbata an ɗaure hannun birki da ƙashin keke, domin in ya kuɓuce birki ba zai kama ba. Sarƙa kuma a bar mata sassauci kamar na rabin inci.

Akwai tarko wajen sayen kaya. Ba duk tayar da aka rubuta wa 26 ce take shiga kowane wili ba: wadda aka rubuta wa 26 x 1¾ ba ta zama a wilin 26 x 2.125. Haka kuma zaren fedar waɗannan kekuna rabin inci ne, ya fi na yawancin kekunan zamani ƙanƙanta. Matambayi dai ba ya ɓata.

Tsakanin Mayarwa da Sauyawa

Da an zo kan fenti, hanya ta rabu biyu. Masu tara tsofaffin kekuna sun fi daraja fentin asali, ko da ya koɗe, a kan sabo mai ƙyalli. Taya da sirdi da kai ana iya cirewa a ajiye, a mayar wata rana, amma fentin da aka kankare da ƙarfen da aka yanke ba sa dawowa. Saboda haka ya kamata a fara duba lambar da aka buga a jikin ƙashin don sanin shekarunsa, kada garin neman gira a rasa ido. In ya zama dole a kankare, a jiƙa wurin tukuna a kuma rufe hanci, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, sai a 1978 Amurka ta hana sa ta a fentin amfanin jama'a.

Duk da haka, sauyawa ba abin raini ba ce. A tsakiyar shekarun 1970 wasu matasa a yankin Marin na Kalifoniya, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa cire kayan adon tsofaffin kuruza suna gangarowa da su daga duwatsu. A 1976 suka fara wata tsere da suka sa wa suna Repack, ma'ana sake cusa giris, domin zafin gangara yakan ƙone girisin birkin. Wannan matsala ce ta sa suka ƙara birki mai ƙarfi da giya, daga bisani suka ƙera sabon ƙashi, abin da ya haifar da keken hawan dutse. Darasin da ke nan shi ne, sauyin da bukata ta kawo ya fi wanda ado kaɗai ya kawo, kuma duk mai niyyar bin gangara ya ƙara birkin gaba.

Kammalawa

Kuruza ba shi ne keken da aka saba gani a ƙasar Hausa ba. A nan Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin aka fi sani, masu wili inci 28 da birkin sanda. Amma ɗan'uwansu ne ta fuskar nauyi da giya ɗaya da jure wahala, kuma kusan duk abin da aka bayyana a sama zai yi amfani ga wanda ya gaji tsohon keke a zauren gidansu. Abin da ya kamata ɗan koyo ya riƙe shi ne jerin aikin: lafiyar ƙashi da birki tukuna, sa'an nan tafiya, ado kuwa daga ƙarshe, kuma kada ya fara da abin da ba a iya warwarewa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.