Hakeem Olajuwon: Yaron Da Aka Ara A Sakkwato Ya Zama Sarkin Ƙwallon Kwando

A watan Disambar 2022 ne hukumar shirya gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ta sanar da cewa kofin da take bai wa ɗan wasan da ya fi kowa iya tsaron baya a kowace shekara zai riƙa amsa sunan Hakeem Olajuwon. Sanarwar ta zo ta wuce ba tare da ta ɗaga hankalin kowa ba a nan gida, kasancewar mu mutanen ƙwallon ƙafa ne, alhali kuwa mutumin da aka karrama ɗan ƙasarmu ne, a Legas aka haife shi, a nan ya yi wayo, kuma ƙaddarar da ta haɗa shi da wannan wasa a kan hanyar Sakkwato ta same shi. Ya dace mai karatu ya san yadda tafiyar tasa ta kasance, domin a cikinta akwai abin alfahari, akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai.

An haifi Olajuwon ranar 21 ga Janairun 1963, a gidan Yarabawa Musulmi masu sana'ar sayar da siminti. Yana yaro bai san wani abu wai shi ƙwallon kwando ba, tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15, yana ɗalibi a Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Legas, makarantarsu ta shiga gasar wasannin kwalejojin malamai ta ƙasa da aka yi a Sakkwato, inda 'yan ƙwallon kwando suka dubi tsawonsa suka roƙi a ara masu shi daga 'yan ƙwallon hannu. Aron da ba a mayar ba ke nan har yau. Cikin shekaru biyu kacal ya shiga ƙungiyar matasa ta Nijeriya, wani mai horarwa Ba'amurke ya gan shi ya ba da shawarar ya je Jami'ar Houston da ke jihar Texas a gwada shi.

A 1980 ya isa Houston, kuma irin tarbar da ya samu ta nuna yadda aka ɗauke shi da farko, domin ba wanda ya je filin jirgi ɗaukarsa, cewa aka yi ya hau tasi ya iso. Shekararsa ta farko bai buga wasa ko ɗaya ba, ta biyu kuma galibi daga benci yake tasowa. Abin da ya sauya shi shi ne hutun bazara, lokacin da ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa na unguwa mai suna Fonde yana karawa da Moses Malone, gwarzon ƙungiyar Houston Rockets na wancan zamani. Malone bai raga masa ba, ya ture shi, ya murƙushe shi, har yaron ya koyi yadda ake tsayawa a gaban manya. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da ya koma jami'a sai ga shi ya zama dodo, shi da abokinsa Clyde Drexler suka kai makarantar wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 1983, inda Jami'ar Jihar North Carolina ta doke su da maki 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe. Duk da rashin nasarar, shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Jami'ar Georgetown ta Patrick Ewing ta sake hana su kofi.

A tsarin NBA, kowace shekara ƙungiyoyi kan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ke fara zaɓe, domin kada ƙarfi ya taru a wuri guda. A zaɓen 1984 Houston Rockets ce ta fara, ta ɗauki Olajuwon. Portland ta ɗauki Sam Bowie, sannan Chicago Bulls ta ɗauki wani saurayi mai suna Michael Jordan a matsayi na uku. Har gobe ana yi wa Portland dariya a kan wannan zaɓi, amma da wuya ka ji mai zargin Houston, wannan kuwa kaɗai ya isa shaida a kan darajar mutumin.

An haɗa shi da Ralph Sampson mai tsawon ƙafa 7 da inci 4, kuma a shekararsu ta biyu tare, wato 1986, suka fitar da Los Angeles Lakers ta su Magic Johnson da Kareem Abdul-Jabbar, suka kai zagayen ƙarshe, inda Boston Celtics ta yi galaba a kansu da wasa 4 da 2. Daga nan ne tafiya ta yi tsami. Ciwon gwiwa ya kassara Sampson, aka dakatar da wasu 'yan wasan ƙungiyar saboda shan miyagun ƙwayoyi, Olajuwon ya wayi gari shi kaɗai yake ɗauke da kaya. Bajinta dai bai fasa ba. Ranar 29 ga Maris 1990, a karawarsu da Milwaukee Bucks, ya ci maki 18, ya cafke ƙwallon da ta kuskure kwando sau 16, ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 10, ya kuma tare jifa sau 11, abin da mutum huɗu kacal aka rubuta sun taɓa yin irinsa a tarihin gasar. Sai dai a waɗannan shekaru an san shi da zafin rai, da faɗa da abokan hamayya da alƙalan wasa. A farkon 1991 gwiwar hannun wani ɗan wasan Chicago ta fasa masa ƙashin gefen ido, ya yi jinyar da ta hana shi wasa 25. A 1992 kuma rikicin kwantiragi ya ɓarke tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar, suka zarge shi da ƙaryar ciwo suka dakatar da shi, shi kuma ya nemi a sayar da shi. Kaɗan ya rage tarihin ya ƙare a nan, in ba don sulhun da ya yi da mai ƙungiyar ba a cikin jirgi kan hanyarsu ta zuwa wasa Japan.

Wannan lokaci ya zo daidai da komawarsa ga addininsa da gaske. A 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, ya kama karatun Alƙur'ani, ya je aikin Hajji, kuma waɗanda suka yi wasa da shi sun shaida cewa natsuwa ta maye gurbin fushin da aka san shi da shi. Natsuwar ta bayyana har a fili, domin a ƙarƙashin sabon mai horarwa Rudy Tomjanovich ya koyi yarda da abokan wasansa, idan mutum biyu suka rufe shi sai ya miƙa wa wanda aka bari shi kaɗai. Ga kuma ƙafar nan ta tsohon gola, wadda ta ba shi salon da aka riƙa kira Dream Shake, daga laƙabinsa na The Dream, wato Mafarki: zai juya wa mai tsaronsa baya, ya girgiza kafaɗa kamar zai bi dama, ya karkata hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaro na yin tsalle sai ya sulale ta ƙarƙashinsa ya zura.

A kakar 1993 zuwa 1994 haƙuri ya dafa dutse. Shi aka zaɓa gwarzon shekara, shi ne gwarzon tsaron baya, shi ne kuma gwarzon zagayen ƙarshe, kuma shi ya fara haɗa waɗannan uku a kaka ɗaya. Sun kara da New York Knicks ta tsohon abokin hamayyarsa Ewing har wasa 7. A wasa na 6, saura daƙiƙoƙi a tashi, John Starks ya jefa ƙwallon da in ta shiga kofi ya tafi New York, Olajuwon ya miƙa hannu ya taɓa ta da yatsu ta kauce. Houston ta ci wasa na 7 ta ɗauki kofinta na farko. A 1995 ƙungiyar ta shiga zagayen sili ɗaya ƙwale tana ta shida a yankinta, bayan ta ɗauko Drexler daga Portland, amma ta fitar da Utah da Phoenix, ta haɗu da San Antonio ta David Robinson wanda aka bai wa kambun gwarzon wannan shekarar. Olajuwon ya riƙa cin sama da maki 35 a kowane wasa idan aka daidaita, sannan suka share Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da wasa 4 babu ko ɗaya. Abin lura, a watan Fabrairun wannan shekara, wanda ya zo daidai da watan Ramadan, yana azumi yana wasa, shi aka zaɓa gwarzon wata.

Ya shekara 17 a Houston, ya ƙara ɗaya a Toronto Raptors ta Kanada, ya yi ritaya a 2002 da maki 26,946, ya kuma tare jifa sau 3,830, adadin da har yanzu ba wanda ya kamo tun da aka fara ƙirga shi. A 2008 aka shigar da shi zauren girmama gwarazan wasan. Bayan ritaya bai bi sahun 'yan wasan da dukiyarsu ke ƙarewa kafin su tsufa ba, domin ya shiga cinikin filaye da gine-gine a Houston, yana saye da kuɗi hannu saboda gudun riba ta bashi. Ya sayi tsohon ginin wani banki a tsakiyar birnin ya mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa, ya kuma zauna a ƙasar Jodan yana karatun Larabci. Ko a lokacin da tauraronsa ke haskawa, takalmin da ya sa wa sunansa na kamfanin Spalding ne, wanda ake sayarwa kimanin dala 35, don 'ya'yan marasa ƙarfi su iya saye. Manya irin su Kobe Bryant da LeBron James sai da suka yi tattaki zuwa wurinsa don koyon taka ƙafa.

To, ina rabon Nijeriya a cikin wannan duka? A 1993 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, kuma lambar zinare da ya ci a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da rigar Amurka ya ci ta, a gasar da 'yan ƙwallon ƙafarmu suka ɗauko tasu zinaren. Mai son ganin laifinsa sai ya fara tambayar abin da ƙasar ta tanadar masa. Basirar tamu ce, amma jami'ar da ta yi haƙuri da shi shekaru huɗu, da ɗakin wasan unguwa da ya haɗa shi da Malone, da tsarin da ya biya shi haƙƙinsa, duk na wasu ne. Abu ɗaya da muka ba shi shi ne gasar makarantu, ita ce kuma muka bari ta lalace a yawancin jihohinmu.

Ba a Legas kaɗai irin wannan baiwa take ba. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando. Ƙungiyar maza ta ƙasa ta ci kofin Afirka a 2015, ta mata kuwa ta ci sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, a Faris a 2024. Amma waɗannan matan ne rikicin shugabancin hukumar wasan ya ja wa asarar gurbinsu na gasar duniya a 2022, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye ƙasar daga wasannin waje, aka bai wa Mali gurbin kafin a janye matakin.

Filin ƙwallon kwando daɓen siminti ne mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, da ƙarafa biyu, abin da bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba. A ƙauyukanmu da rugagenmu akwai dogayen yara da ba abin da tsawonsu ya jawo masu sai tsokana. Ya rage ga kwamishinonin ilimi da na wasanni, da shugabannin makarantu, da masu hannu da shuni, su farfaɗo da gasar makarantu su ɗauki malaman wasa da suka san aikinsu, domin Olajuwon na gaba ba zai bayyana ba sai an shirya taron da za a gan shi. Allah Ya sa masu abin su ji.